Cokali Goma Sha Biyu na Sukari

A daminar 1984 ina shekarata ta biyu da fara aikin jinya, a ɗakin 'yan tiyata na wani babban asibitin gwamnati a Arewa. Da ruwa ya sauka, ɗakinmu ba ya rabo da masu zazzaɓin taifot waɗanda hanjinsu ya huje. Cutar takan ci bangon ƙaramin hanji, can kusa da inda yake haɗuwa da babba, sai a mako na biyu ko na uku na zazzaɓin ta ɓula shi, ƙazanta ta malale cikin ciki. Kafin a kawo mana yaro daga ƙauye yakan kwana uku ko huɗu da hujewar, ciki ya kumbura ya yi tauri, idanu sun faɗa.

A cikinsu akwai wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, kakarsa ce ke jinyarsa. An yi masa aiki an ɗinke hujin, muka fara murna. A kwana na shida ɗinkin ya saki. Abin da ke cikin hanji ya nemi hanya ta bakin rauni, ya dinga tsiyaya waje, kore-kore, ba dare ba rana. Mu a tsakaninmu yoyon hanji muke ce masa. Duk abin da ya sha, kunu ne ko shayi, kafin rabin sa'a ka gan shi a jikin auduga, kuma ruwan yana cin fatar cikinsa har ta yi jajur. Likita ya ce a hana shi komai ta baki ko yoyon ya ragu, a ci gaba da ƙarin ruwa.

Wata rana da la'asar ina canza masa ledar ƙarin ruwa, tsohuwar ta riƙo gefen rigata. Ta ce, "'Yar nan, yau kwana tara bai sa komai a bakinsa ba. Wannan ruwan da kuke ɗura masa, abinci ne?" Na ce, "Abinci ne, Inna, akwai sukari a ciki. Ki kwantar da hankalinki." Ta ce, "To, Allah ya yi miki albarka." Ta rufe ƙwaryar furar da ta dama masa da faifai, ta tura ƙarƙashin gado.

Abin da na gaya mata shi ne abin da na ɗauka a lokacin, kuma haka jama'a suka ɗauka har gobe. A wurin mutanenmu ƙarin ruwa ƙarfi ne. Mutum ya gaji ko ya yi zazzaɓin kwana biyu, burinsa a sa masa leda biyu ya miƙe. Sai daga baya na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun a makaranta. Ruwan sukarin da muke ratayawa kashi 5 cikin ɗari ne, wato kowace lita tana ɗauke da giram 50 na sukari, kimanin ƙaramin cokali goma sha biyu, ƙarfinsa bai wuce kalori 200 ba. Yaro kamarsa, ko lafiya lau yake, yana bukatar fiye da kalori 1,500 a yini, balle wanda ke fama da zazzaɓi da buɗaɗɗen rauni. Babu furotin a ledar ko ƙwayar zarra, babu mai, babu bitamin. Ledar gishiri kuwa ruwa ce da gishiri kawai. Jikin da ba a ba shi abinci ba kansa yake ci. Ya fara da kitse, ya koma kan tsoka, har tsokar da ake numfashi da ita, kuma raunin da ba shi da abin gina sabon nama ba zai taɓa rufewa ba.

Haka muka zuba ido yaron yana narkewa. Haƙarƙarinsa suka fito ana iya ƙirga su daga bakin ƙofa, gashinsa ya yi ja ya fara zuba, ƙafafu suka kumbura, fatar gefen bakinsa da ta yatsunsa ta dinga saɓulewa. An dawo ba shi kunu da aka ga ba sarki sai Allah, yoyon ya ƙaru. Mako bakwai ya yi a gadon nan. Takardar rasuwarsa ta ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga jini, kuma gaskiya ne sun shiga. Amma abin da idona ya gani yunwa ce, a tsakiyar asibiti, da leda rataye a kansa.

Shekara biyar bayan haka, tsarin tsuke bakin aljihun da gwamnati ta shigo da shi a 1986 ya riga ya cinye albashinmu, likitoci da ma'aikatan jinya suna ta ficewa. Ni ma na bi ayari zuwa Saudiyya a 1989. A makona na farko a wani asibiti can na ga wata babbar leda a kan gadon wani mutum, fara sol kamar kindirmo, an lulluɓe ta don kada haske ya taɓa ta, bututunta ya bi ta cikin wani inji mai auna gudun ruwa ya shige ƙirjin mutumin. Na tambayi babbar sistar ɗakin, wata 'yar Filifin da ta girme ni da kusan shekara ashirin. Ta ce abincinsa ke nan na sa'a ashirin da huɗu. Ta karanta mini abin da ke jikin takardar: sukari mai kauri, amino asid waɗanda su ne tubalan furotin, mai, gishiri iri-iri, bitamin, har da zinki. Na tambayi ciwonsa. Ta ɗaga zanen da ya rufa da shi, sai ga jakar yoyon hanji manne a cikinsa, wata biyu ke nan, ga shi da kumatunsa yana karanta jarida. Na shiga ɗakin ajiye kaya na rufe ƙofa na yi kuka.

Ita ce ta koya mini dalilin da ya sa bututun ya shiga ƙirji. Jijiyar hannu siririya ce, in sukarin ruwa ya wuce kamar kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari sai ta ƙone, ta kumbura, ta toshe. In kuma ka tsinka shi yadda jijiyar za ta ɗauka, ruwan da za ka ɗura kafin mutum ya ƙoshi zai cika masa huhu. Wannan ne ya ɗaure likitoci shekaru da dama. Wani likitan sojan Faransa, Robert Aubaniac, ya bayyana a 1952 yadda ake shiga babbar jijiyar da ke ƙarƙashin ƙashin nan da ya gitta tsakanin wuya da kafaɗa. Daga nan bututu yana iya kaiwa ga jijiyar da ke zuba jini cikin zuciya, inda jini ke gudu da yawa, duk kaurin ruwan da ka zuba nan take zai tsinke. A Jami'ar Pennsylvania da ke Filadelfiya a Amurka, wani matashin likitan fiɗa, Stanley Dudrick, tare da malaminsa Jonathan Rhoads da Harry Vars da Douglas Wilmore, suka gwada abin a kan 'yan kwikwiyo. Suka raine su wata da watanni ba sa cin komai sai abin da ke shiga ta jijiya, suka girma kafaɗa da kafaɗa da 'yan'uwansu masu ci da baki. A 1967 aka kawo musu wata jaririya da aka haifa kusan ba ta da ƙaramin hanji, tana gab da mutuwa. Suka sa mata bututu, ta yi nauyi, ta yi tsawo, kanta ya girma yadda ya kamata, ta rayu wata 22. Rahotonsu ya fito a 1968. Man da ke sa ledar fari kuwa daga Suwidin ya fito. Arvid Wretlind ne ya haɗa man waken suya da wani sinadari daga gwaiduwar ƙwai yadda zai gauraya da jini ba tare da ya cutar ba, aka fara amfani da shi a 1962 da sunan Intralipid. Da na jera shekarun nan a raina, sai na ga lokacin da yaron nan yake narkewa a gabana maganin halinsa ya shekara goma sha shida a duniya.

Aikin ledar ya fi na kowane magani da na sani ƙa'ida. A ɗakin magani ake haɗa ta, cikin wani akwati mai tace iska, mai haɗawa sanye da safar hannu da takunkumi. Bututunta nata ne ita kaɗai, ba a ɗibar jini ta nan, ba a tura wani magani ta nan. In an rataya ta, sa'a ashirin da huɗu take yi, ko ta ƙare ko ba ta ƙare ba, sai a sauke ta. Kafin ka taɓa mahaɗar bututu sai ka wanke hannu, ka goge bakin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka jira ya bushe. Dalili a fili yake. Abin da ke ciyar da mutum yana ciyar da ƙwayar cuta, ga kuma hanya a buɗe daga waje har bakin zuciya. Zazzaɓi in ya taso wa mai irin wannan bututu, bututun ake fara tuhuma. Kowace sa'a shida muna duba sukarin jini, kowace safiya awon nauyi, jini kuwa kullum a makon farko. Da azumi ya zo majinyata sukan tambaye ni ko ledar tana karya azumi. Abin da akasarin malamai suka tafi a kai shi ne abin da ke ciyar da jiki yana karyawa ko ta jijiya ya shiga, amma wanda ya kai ga wannan ledar ai an riga an ɗauke masa, ramuwa ce ko ciyarwa.

Duk da ƙa'idodin nan na yi kuskuren da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. An kwantar da wani dattijo mai ciwon daji a maƙoshi, ya yi watanni abinci ba ya wucewa, ya rame har zoben hannunsa yana zamewa. Aka fara masa ledar da daddare, ni ke aikin dare. Wajen ƙarfe biyu na tarar injin ya tsaya tun ɗazu saboda bututun ya lanƙwashe a ƙarƙashin kafaɗarsa, an yi asarar sa'o'i. Na dubi haƙarƙarinsa, na ga na yaron nan. Sai na ƙara gudun injin don ya cike abin da ya rasa kafin gari ya waye. A raina alheri nake yi. Adadin da aka rubuta masa tun farko ma ya yi wa mai irin ramarsa yawa, ni kuma na ɗora a kai. Kwana biyu bayan haka dattijon ya kasa ɗaga hannu, numfashi ya yi masa nauyi, zuciyarsa tana bugawa ba bisa tsari ba, ya daina gane 'ya'yansa. Gwajin jini ya nuna sinadarin fosfet ya faɗi ƙasa warwas, fotasiyam da magniziyam ma sun bi shi.

Likitan da ya karɓe shi a ɗakin kulawa ta musamman ya zaunar da ni ya yi mini bayani, bai ɗaga murya ba. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ya riga ya ƙarar da ajiyarsa ta waɗannan sinadarai, ko da awon jini bai nuna ba. Da sukari ya shigo da yawa lokaci guda, insulin sai ya tashi, ya kwashi sukarin tare da ɗan ragowar fosfet da fotasiyam ya tura cikin ƙwayoyin jiki, jini ya wayi gari fayau, zuciya da tsokar numfashi su rasa abin aiki. An ga haka a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da fursunonin da suka sha yunwa suka dinga mutuwa bayan an cika musu ciki. A 1981 ma wasu likitoci biyu a Alabama sun rubuta labarin majinyata biyu da ciyarwa ta jijiya ta kashe saboda an yi musu gaggawa. Abin da ya ƙara mini ciwo shi ne na san wannan tun a gida. Kakata ba ta taɓa barin mu buɗa baki da tuwo ba, sai dabino da ruwa, sai kunu, tuwo sai bayan an yi salla. Yaro mai tamowa ma yau a cibiyoyinmu da madara mai rauni ta F-75 ake fara masa, sai ya daidaita a koma F-100. Dattijon ya farfaɗo bayan kwana biyar, aka sake fara masa da kashi kaɗan, da bitamin B1 a gaba, ana ƙarawa sannu a hankali. Da ya dawo ɗakinmu na durƙusa a gefen gadonsa na gaya masa abin da na yi. Ya ce ya yafe, ya sa mini albarka.

Shekaruna na ƙarshe a can a ɗakin jarirai na yi su, kuma a nan na fi ganin amfanin abin da kuma tsadarsa. Bakwainin da bai kai kilo ɗaya ba ajiyar jikinsa ta 'yan kwanaki ce, hanjinsa kuma bai nuna ba. Irin wannan tun ranar farko ake ba shi amino asid ta jijiyar cibiya, ana ɗiga masa nonon uwa kaɗan-kaɗan ta bututun hanci, yau ɗigo gobe cokali, har ranar da za a cire ledar. Yawancinsu cikin mako biyu ko uku sun rabu da ita. Masu wuyar su ne waɗanda aka yanke wa mafi yawan hanji. Akwai wani jariri da hanjinsa ya murɗe ya mutu, aka bar masa ɗan guntu. Ya shekara guda da rabi a hannunmu, a ɗakin ya fara zama, a ɗakin ya fara rarrafe yana jan bututu a bayansa. Sau huɗu ƙwayoyin cuta suna shiga jininsa, kowane karo sai a cire bututu a nemi wata jijiya, jijiyoyin kuma ƙidayayyu ne, wadda ta toshe ta tafi ke nan. A hankali idonsa ya yi ɗorawa, hanta ta kumbura, don hantar jariri ba ta jure doguwar ciyarwa ta jijiya, musamman in hanji na zaune ba aiki. Hantar ce ta tafi da shi. Bayan na bar ƙasar ne likitocin asibitin yara na Boston suka nuna cewa man kifi a madadin na waken suya yana iya warware irin wannan shawara, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga yara a 2018. Na yi murna da labarin, na kuma tuna yaron.

A farkon zuwana Saudiyya, in majinyaci ya kwana biyu bai ci ba, wasu likitocin har sun fara neman jijiya. Wannan ɗoki ya fara sanyi a 1991, lokacin da aka buga wani bincike daga asibitocin tsofaffin sojoji na Amurka, a kan mutum 395 masu rama da ke jiran babbar tiyata. Waɗanda aka ciyar ta jijiya sun fi kamuwa da ƙwayoyin cuta, kuma masu matsananciyar rama ne kaɗai suka ci riba. A 2011 ayarin Greet Van den Berghe na birnin Leuven a Beljiyam ya gwada manya 4,640 a ɗakunan kulawa ta musamman, wasu aka fara musu cikin kwana biyu, wasu aka jinkirta sai kwana na takwas. Waɗanda aka jinkirta wa sun fi saurin fita, kuma cuta ba ta kama su kamar sauran ba. A 2016 aka maimaita a kan yara 1,440 a Leuven da Rotterdam ta Holan da Edmonton ta Kanada. Sabuwar cuta ta kama kashi 18.5 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa gaggawa, kashi 10.7 na waɗanda aka jira mako guda, kuma zamansu a ɗakin ya ragu daga kwana tara da ɗoriya zuwa shida da rabi. A tsakani, a 2014, wani binciken Birtaniya a kan mutum 2,400 ya tarar mace-macen wata guda kusan ɗaya ne tsakanin masu bututun hanci da masu na jijiya, in an kula da adadi da tsabta. Abin da masana suka tsaya a kai yanzu shi ne in hanji yana aiki, ko rabin aiki ne, a bi ta nan, kuma jikin da ke tsakiyar zafin ciwo ba ya son a cika shi.

Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, dattijon nan ya riga ya koya mini. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda na ji wasu a gida suna juya maganar, wai ai Turawan ma sun gano ciyarwa ta jijiya ba ta da amfani, don haka rashinta ba asara ba ce. Waɗancan bincike a kan makon farko suke magana, a kan mutanen da akasarinsu hanjinsu zai dawo aiki, a asibitocin da ledar tana nan tana jira in kwana na takwas ya yi. Ba su ce komai a kan yaron da hanjinsa ke zuba waje mako bakwai ba. Shi ba a jinkirta masa ba, babu ce.

Na dawo gida a 2003. Na tarar an samu canji, amma bai taka kara ya karya ba. A manyan asibitoci ana samun kwalaben amino asid da na mai, wani lokaci har ledar nan mai aljihu uku da ake matsewa ta gauraye, in dangi suna da kuɗin saye, kuma kuɗin kwana ɗaya ya isa ya girgiza mai albashi. Sau da yawa a sayi ta kwana biyu a tsaya, alhali abin na makonni ne. Ga gwajin fosfet da ba kullum ake samu ba, ga wuta da ake ɗaukewa injin ya tsaya, ga nas ɗaya a kan gado talatin, wadda ko ta so ba ta da minti biyar na goge mahaɗar bututu. Sa wa mutum bututu har bakin zuciya a irin wannan hali yana iya zama ajalinsa. Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne jariran da ake haifa hanjinsu a waje, ta wata 'yar kafa a gefen cibiya. Mayar da hanjin ciki likitocinmu sun iya. Amma hanjin da ya daɗe a waje yakan yi makonni kafin ya fara motsi, kuma a makonnin nan ne jaririn ke bukatar abinci ta jijiya. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2021, daga asibitoci 264 a ƙasashe 74, ya ƙirga irin waɗannan jarirai. A ƙasashe masu arziki 2 ne suka mutu cikin 139, a masu matsakaicin hali 97 cikin 304, a matalauta 9 cikin 10. Ciwo ɗaya ne, aikin tiyatar ma kusan ɗaya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka muka koyi yin aiki da abin da ke hannu. Wani matashin likitan fiɗa da na yi aiki da shi kafin in yi ritaya ya nace a kan abubuwa uku: a fara ɗiga nono ko kunu da wuri maimakon a jira hanji ya yi ƙugi, a ba da amino asid da mai ta jijiyar hannu a tsinke ko rabin bukata ce, kuma in yoyon hanji yana da baki biyu a yi amfani da na ƙasan. Wannan na ƙarshen sai da na gani na yarda. Wata yarinya 'yar shekara tara ta zo da irin ciwon yaron nan sak, taifot, huji, ɗinki ya saki. Likita ya gano bakin hanjin da ya nufi ƙasa, ya tabbatar hanyar a buɗe take, ya zura masa siririn bututu. Abin da ya tsiyayo ta bakin sama sai mu tara a kwano mai tsabta, mu tace da ƙyallen bandeji, mu zuƙa da babban sirinji mu mayar ta bakin ƙasa, hanjin da ke zaune ba aiki ya tsotse ruwan da gishirin da abincin da da za su tafi a auduga. Aikin ba shi da daɗin gani, ba shi da daɗin wari, kuma kowace sa'a uku ne, dare da rana. Uwarta ta tsaya tana kallo kwana biyu, a na uku ta ce, "Sista, ba ni in gwada." Daga ranar ita ke yi, mu muna dubawa.

Ita ma ta yi mini tambayar. Ta nuna ledar ruwan da ke rataye ta ce, "Wannan yana riƙe mata ciki ne?" Na aika aka kawo mini sukari daga wurin mai shayin bakin ƙofa, na ɗauki ƙaramin cokali na auna goma sha biyu a kofi a gabanta. Na ce, "Maman yarinya, abin da ke cikin leda biyu irin wannan ke nan, sauran duk ruwa ne. Yana hana ta bushewa, amma ba ya ciyar da ita. Abincinta yana hannunki." Ta dubi kofin ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta tambaye ni me za ta kawo. Na ce kunun gyada mai kauri, da dafaffen ƙwai, da ɗan gishiri a komai, kaɗan-kaɗan, sau takwas a yini. Ta kwance bakin zanenta ta ƙirga abin da ke ciki, ta ce zai kai ƙwai biyu kullum har ranar kasuwa, daga nan za ta aika gida a sayar da akuya.

Bayan wata uku aka mayar da yarinyar ɗakin tiyata aka haɗe hanjin. Ranar da aka sallame su na auna ta da kaina, ta ƙara kilo huɗu a kan nauyin da ta zo da shi.